Babi Huɗu na Ja'afar

Ja'afar ɗan Malam Bashari na Durun a zauren karatu ya tashi, inda ba a yi wa ɗalibi ƙari sai ya biya na jiya ba gargada. Taurin kai kuwa gadonsa ya yi. Yana tsakiyar digiri na biyu a lissafi, farfesan da ke duba aikinsa ya miƙa masa ajin 'yan shekarar farko, mutum ɗari uku da ɗoriya. Ya ce, "Babi goma sha biyu ne. Ka gama musu, ni zan fitar da jarrabawa." Daga nan farfesa ya shiga yawon taro, sai dai a waya.

Makon farko Ja'afar ya gane rabin ajin ko tushe ba su da shi. Tausayi ya kama shi, sai ya yi abin da ya sani. Kullum ya tsamo mutum biyar daga kujerun baya su fito allo. Ɗaya ya kasa, an koma karatun jiya. Lasifika ta lalace, ya dinga ɗaga murya har ta dishe.

Abokin karatunsa Abdulnasir ya ja shi gefe. "Malam, nan fa ba zauren Baba ba ne. Karanta musu ka wuce, kar ka kayar da yaran mutane."

"In wuce in bar su a ina?" in ji Ja'afar.

Jarrabawa ta riske su a babi na huɗu. Tambaya shida farfesa ya fitar, a amsa duka, biyu kacal daga abin da aka karanta. Maki arba'in cikin ɗari ne ci.

Ja'afar ya kwaso takardun a buhu ya kawo Durun, ya zauna gyara a gindin darbejiya. Takarda bayan takarda, tambayoyi biyun farko an amsa su tsaf, yadda ya koyar, sauran fili fetal. Talatin da uku. Da hannunsa ya rubuta wannan maki sau ɗari biyu da wani abu.

Akwai Zinnira 'yar garin Mainika, mai maimaita darasin, wadda in ta sake faɗuwa sai kora. A ƙasan takardarta ta rubuta, "Malam, wannan karon na gane karatun. Allah ya saka da alheri."

Ya daɗe riƙe da jan biro. Sannan ya rubuta talatin da uku.