Shekarar da Muka Rasa Lamba Tara

A 1969 ne kwalejinmu ta horar da malamai ta fara samun ƙungiyar ƙwallo da ake shakka. Kafin nan, duk kwalejin da aka haɗa da mu tun kafin a busa usur take fara murna. Filinmu jar ƙasa ce mai gangare, ƙwallon kuma ta fata ce mai nauyi, idan ta jiƙe ka sa mata kai sai ka wuni kanka yana sara. Rabinmu babu takalmi, tsumma muke naɗewa a ƙafa.

Mu biyu ne 'yan unguwar Zango ta Kumasi a ƙungiyar. Ni ina gefen hagu, abokina kuma shi ne lamba tara. Lungunmu ɗaya, makarantar allonmu ɗaya, a bayan masallaci muka koyi ƙwallo da lemon da bai nuna ba. A fili da Hausa muke magana. In na ce masa "Zagaya!" kafin 'yan bayan abokan karawarmu da ke jin yaren Twi kaɗai su gane, ya riga ya ɓulle a bayansu. Malamin wasanninmu, wani Ba'asante mai sanƙo da muke kira Masta, har ya haddace kalmar, yana tsaye a bakin layi yana ihunta ko babu dalili.

Haka muka yi ta cin wasa. 'Yan unguwannin Zango da Aboabo suka fara cika motocin haya na trotro suna zuwa kallonmu, har dattawan da ke cewa ƙwallo shiririta ce suna tambayar yadda aka tashi.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen shekara, gwamnati ta ba da umarni duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Ni iyayena daga arewacin Gana suke, abin bai shafe mu ba. Shi kuwa mahaifinsa tun yana saurayi ya zo daga Nijar fataucin goro, bai taɓa tunanin wata takarda ba. A Zango aka haifi abokina, ko garin Tamale da ke arewacin Gana bai taɓa wucewa ba.

Masta ya ce zai riƙe shi a ɗakin kwanan ɗalibai har a ga abin da za a iya yi. Ni na raka Masta gidan su abokina don in yi masa tafinta. Muka tarar da tsakar gida cike da ƙulle-ƙulle, mahaifiyarsa tana jera tukwane a kwando. Ta saurare mu har ƙarshe.

"Ka gaya wa malam na gode," ta ce da ni. "Amma babansa ba lafiya, ƙannensa ƙanana ne. Wa zai riƙe mu a hanya?"

"Mma, saura kaɗan ya gama karatu," na ce.

"Na sani, ɗana. Ga shi nan, ku tambaye shi."

Abokina yana zaune a kan turmi, kansa a ƙasa. Ya ce, "Masta, ka yi haƙuri. Ba zan bar su su tafi su kaɗai ba."

Ya buga mana wasa ɗaya kafin tafiyar, kuma ban taɓa ganin ya yi wasa mara kyau kamar ranar ba. Na ajiye masa ƙwallo a bakin raga, mai tsaron gida ya faɗi, shi kuma ya ɗaga ta sama ta faɗa gonar rogo. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana dariya, idonsa jawur. Canjaras muka tashi. Da za su tafi na taya su ɗora kaya a babbar mota a tasha. Mutane sun yi yawa, ana ta turereniya, ko hannu ba mu samu mun yi ba, sai kansa na hango ta tsakanin katakon motar.

Bayan hutu aka ci gaba da gasa. Masta ya sa wani dogon yaro mai ƙoƙari a gaba, amma ni sai in riƙa aika ƙwallo inda na saba, babu kowa a wurin. Da kyar muka kai wasan kusa da na ƙarshe, a nan aka fitar da mu cikin ruwan sama. Babu wanda ya zo daga Zango. Ɗakuna da yawa a unguwar a rufe suke, mutanen da suka rage kuma ba su da zuciyar kallon wasa.

Bayan shekaru wani direban motar shanu ya ce ya ga abokina a wani gari can cikin Nijar, yana sayar da hatsi, mutanen garin suna ce masa ɗan Kumasi. Wai bai ƙara buga ƙwallo ba. Na yi ta niyyar zuwa, aiki da iyali suka yi ta riƙe ni. Daga baya direban ya daina bin wannan hanyar, ban kuma samu wani da ya san garin ba.