Kawu Bala Ba Ya Harbin Wanda Ya Juya Baya

Duk wanda ya taɓa zama a layin masu gyaran rediyo na bakin tasha a Kontagora ya san Kawu Bala ba ya taɓa injin wasan gem ɗinsa da takalmi a ƙafa. Sai ya tuɓe silifas, ya gyara zaman hula, ya yi bismillah, sannan ya kama sandar tuƙi, kai ka ce motar Bangi zai ja cike da fasinja. Yayan mahaifiyata ne. Gyaran rediyo ne sana'arsa, amma ku da kuka san shi kun san rediyon mutum kan kwana biyu a teburinsa tana jiran ya dawo daga yaƙi.

Injin wani tsohon akwati ne mai tsayin mutum, a hannun ɗan gwangwan ya ceto shi ana shirin fasawa. Wasa ɗaya ne tak a ciki: ɗan jirgin sama yana ta tafiya gaba, ƙasa da teku suna wucewa a ƙarƙashinsa, jiragen abokan gaba suna zubowa, kana harbi kana kaucewa. Rai uku ake ba ka. Burin Kawu a duniya, bayan cikawa da imani, shi ne ya ga ƙarshen wasan nan da idonsa. Har ya yi furfura a gaban akwatin bai gani ba.

Ba rashin iyawa ba ne, taurin kai ne tsagwaronsa. Kawu jikan mafarauta ne, kuma da dokokin dawa ya shigo wasan. Ba ya harbin jirgin da bai fara harbinsa ba, ba ya harbin wanda ya juya baya. Maƙwabcin shagonsa, Yohanna mai walda, mutumin Kaboji, yakan ajiye aiki ya leƙo yana ta ciwon baki.

"Malam Bala, harbe wancan, zai zagayo fa."

"Ya juya baya, Yohanna. Wataƙila gida za shi."

"Wane gida? Inji ne."

Jirgin kuwa ya zagayo ya yi kaca-kaca da na Kawu. Kawu ya dubi allo, ya girgiza kai. "Ka gani ko? Shi ya ci amana. Ni dai na fita haƙƙinsa."

Akwai ranar da har gobe in na tuna raina ke ɓaci. Kawu ya isa gaban babban jirgin ƙarshe, wanda yake kira Uban Gayya, da ransa uku cif. Ni da Yohanna ko numfashin kirki ba ma yi. Sai ga wani dattijo daga ruga ya yi sallama a bakin shago. Kawu ba ya amsa sallamar dattijo da ƙeya. Ya saki sanda, ya juyo, ya shiga gaisuwa: ya hanya, ya iyali, ya shanu, ya ruwa ya samu a wajenku. A bayansa ana ta ragargazar jirginsa, rai na bin rai, ko gezau bai yi ba. Da aka gama gaisawa dattijon ya tambayi rediyonsa.

"Af," in ji Kawu, "ai ban buɗe ta ba tukuna. Ka ga aiki ya yi mini yawa."

Da aka fito da sabon wasan a waya, ni na kai masa da rawar jiki. Jirgin nan ne dai, amma an wanke shi tas, teku har sheƙi take. Ya ɗora yatsa yana ja, sai ya ga jirgin yana ta ɓarin wuta shi kaɗai.

"Wa ya sa shi harbi?"

"Haka aka yi shi, Kawu. Da kansa yake yi, kai dai tuƙi ne naka."

"Ba tambaya, ba bincike? Wannan ba shi da tarbiyya."

Da ransa uku suka ƙare, na nuna masa inda ake dannawa a kalli talla, a ƙara wa mutum rai ya ci gaba daga inda ya faɗi. Ya zuba ido har tallar sabulu ta gama, jirgin ya miƙe garau. Ya miƙo mini wayar da yatsa biyu.

"Wato yanzu sabulu ke tayar da matattu. Riƙe abinka."

Ni kam da tallace-tallacen nan na kai ƙarshe tun a makon farko. Na zo ina ɗoki zan ba shi labari, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, ya ce in na kuskura na faɗa, kada in ƙara cin tuwon gidansa. Na san zai aikata, na ja bakina.

Daga baya allon tsohon akwatin ya ƙone, aka rasa irinsa ko'ina. Ba a jima ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Kawu, hannun hagu ya daina aiki. Ya rame, ya rage magana, abin ya dame ni ƙwarai. Na yi ta tone-tone a wayar har na gano inda ake kashe harbin nan na kai-tsaye. Wata la'asar ni da Yohanna muka same shi a ƙarƙashin mangwaron gidansa. Yohanna ya riƙe waya yana tuƙi, Kawu yana danna harbi da babban yatsan dama. Faɗa dai ba a fasa ba.

"Harbe shi mana, Malam Bala."

"Kai dai yi tuƙinka, direba. Bai taɓa ni ba."

Da kyar da jiɓin goshi suka kai gaban Uban Gayya, har hayaƙi ya fara tashi a fiffikensa. Saura ƙiris. A nan ran ƙarshe ya tafi. Alamar talla ta fito tana ƙyaftawa. Na roƙe shi, wallahi har da hawaye na roƙe shi ya danna, sau ɗaya kawai. Ya daɗe yana kallon alamar nan, yatsansa a kanta. Sai ya janye hannu ya yi murmushi.

"Uku aka ba ni, uku na ci. In na warke ma sake."

Bai warke ba.

Ranar da Yohanna ya zo gaisuwar rasuwa, bayan mutane sun ragu, ya matso kusa da ni a kan tabarma.

"Ɗana, kai da ka gani, me ke ƙarshen?"

Na ce ba wani abu ba ne. In an kayar da Uban Gayya, jirgin da kake tuƙawa yakan daina harbi, ya juya baya, ya yi ta tafiya har ya sauka a wani fili mai ciyawa, mutane suna ɗaga masa hannu.

Yohanna ya share ido da gefen riga. "Ashe da gaske suna da gida."

Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya yafe masa kurakuransa, ya sauke shi lafiya inda ake yi masa maraba. Amin.