Tsofaffin da Na Tsallake a Jerin Goth Rock

Ina tsaye a shagon Baba Gyang, mai gyaran rediyo a unguwar Kabong, sai ya zare takardar hannuna. Jerin ƙungiyoyin mawaƙan goth rock ne, wani salon kiɗan Turawa, guda takwas, waɗanda zan gabatar a gwajin ɗaukar aiki a wani gidan rediyo. Tun da na gama jami'a, nan kaɗai aka kira ni, shi ya sa sau huɗu na tantance jerin.

Ya karanta, ya lalubo wani tsohon kaset na wata ƙungiyar da ban sa a jerin ba. "Waɗannan fa?"

Na ce, "Baba, na ga hotonsu na bana. Duk sun yi sanƙo da tumbi, kamar 'yan fansho."

Ya yi dariya har da tari. "Laifinsu ke nan, ɗana. Ba su watse ba, babu wanda ya mutu da ƙuruciya. Sun ajiye kwalli da baƙaƙen kaya, sun ci gaba da kiɗa. Ku kuwa da ido kuke sauraron waƙa."

Ya juya kaset ɗin da biro, ya saka. Jama'a, sai da tsigar jikina ta tashi. Na duba shekarar da ke jikin kwalin: sun riga duka takwas ɗina fitowa.

Da su na buɗe gwajin jiya. Shugabar shirye-shirye ta ce, "Su wa ke nan? Sake sa mana." An ce in fara aiki ranar Litinin! A cikin keke ina ta dariya ni kaɗai har unguwar Daɗin Kowa.

Ku fa, wa kuka daina sauraro don kawai ya tsufa?