Kyarkecin Ƙasar Ƙanƙara da Gonar Ƙanena

A kakar da shanun wani Bafulatani suka yi ɓarna a gonar ƙanena da ke hanyar Jahun, ni aka zo wa. Makiyayin aminina ne tun makarantar allo. Bai yi boko ba, amma ya san ajamina kamar yadda ya san shanunsa.

Ƙanena ya same ni a zaurena a Yalwawa bayan la'asar.

"Yaya, layi biyu kawai za ka rubuta masa. Ka ce ya zo a yi sulhu."

"In ya zo fa?"

"'Yan sintiri na bayan katanga."

Na ce ya bari sai gobe. Dawarsa aka cinye, kuma ciki ɗaya muka fito.

'Yata da ke karatu a Kafin Hausa tana gida hutu, kuma ta ji komai. Ta kawo mini fura, ta tarar da ni riƙe da alƙalami, takarda fara fat.

"Baba, in ba ka labari? Na mutanen ƙasar ƙanƙara ne, zamanin jahiliyyarsu."

"Yau kuma ni za a yi wa tatsuniya? Bismillah."

Ta ce wai abubuwan bautarsu sun yi kiwon wani kyarkeci, ya yi ta girma har tsoronsa ya kama su. Sau biyu suna ɗaure shi da sarƙa yana tsinkewa. Sai aka saƙa musu wani siririn zare daga ƙarar takun kyanwa da numfashin kifi da gemun mace.

"Gemun mace? Allah ya shirye su!"

"Tsaya mana, Baba."

Suka ce masa gwajin ƙarfi ne, in ya kasa za su kwance shi. Kyarkeci ya ce ya yarda, amma sai ɗayansu ya sa hannu a bakinsa. Wanda ya saba ba shi abinci ne ya sa, yana sane sarai ba za a kwance shi ba. Zare ya kama, kyarkeci ya datse hannun.

"Jarumi suke ce masa," in ji ta.

"Jarumin ina? Duk taron nan dabbar ce kaɗai ba ta yi ƙarya ba."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ciki tana murmushi. Labarin ba gaskiya ba ne, Allah ya tsare mu da shirka, amma na gane inda ta dosa.

Da safe na aika aka kira ƙanena.

"Zan rubuta. Amma duk abin da ke takardar, shi za a yi. In na hango sanda ɗaya a bayan katangata, da kaina zan raka makiyayin har ruga."

"Haba Yaya! Bare ya fi ni?"

"Bai fi ka ba. Shi ya sa zan sa ya gyara abin da ya ɓata."

Ya daɗe yana huci, sannan ya ce to.

Na rubuta, makiyayi ya zo ran Laraba, sandarsa a kafaɗa. Ya ce, "Malam, da wani ne ya aiko, da yanzu na tsallake daji." Aka yi ta ja-in-ja har azahar. Daga ƙarshe ya amsa laifinsa, ya yarda shanunsa za su kwana a gonar tsawon rani su zuba mata taki. Ƙanena bai miƙa masa hannu ba ranar. Sai da damina ta faɗi, dawa ta yi duhu, na ji shi da bakinsa yana tambayar ko Bafulatanin zai dawo baɗi.