Malam Jumare da Takardar Ƙosai

Bari in sauƙaƙa muku tun da fari: in kuna neman wawa a labarin nan, kada ku wahalar da idonku, ni ne. Ni Lawal, wanda marigayi Malam Jumare ya laƙaba wa Ɗanboko saboda na taɓa aji huɗu a firamare kafin babana ya ga karatun ya isa haka, ya mai da ni kasuwa. Da aji huɗun nan nake karanta wa Malam jarida. Inda Turanci ya yi tsauri, in yi tari in tsallake.

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Kibo ya san zauren Malam Jumare mai ɗinkin hannu, ya kuma san akwatin talabijin ɗinsa, mai hoto baƙi da fari, mai aiki da batirin mota. Akwatin nan riga gare shi. Wallahi riga! Malam da kansa ya ɗinka masa, har da aska biyu a gaba, aikin da wuyana bai taɓa ganin irinsa ba. Ba a tuɓe rigar sai shirin da ake so ya zo, da an gama kuma a mayar.

"Kowane akwati da adadin hoton da aka zuba masa tun daga kamfani," in ji shi. "In ya ƙare, ya ƙare. Ni ba na almubazzaranci."

Saboda haka da an sako talla sai ya miƙa hannu ya kashe. "Ban sayi akwati don a sayar mini da sabulu ba." Ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da aiki, mu kuma mu yi jugum muna kallon baƙin gilashi. Sai ransa ya gaya masa tallar ta ƙare sannan ya kunna. Kafin nan a cikin wasan an kama ɓarawon akuya, an kai shi gaban alƙali, har sunayen 'yan wasa sun fara hawa sama.

"Haba Malam! To wa ya saci akuyar?"

"Wanda bai ji tsoron Allah ba. Ku tashi, an kusa kiran salla."

Mun yi shekaru muna kallon wasan kwaikwayo a zauren nan, ba mu san ƙarshen ko ɗaya ba.

Mutum irin wannan dole ya san lokacin kowane shiri, don ba zai kunna ya zauna jira ba. Shi ya sa yake sayen jaridar da Isiyaku ke kawowa a keke daga unguwar Kongo. A bangon baya ake buga jadawalin shirye-shirye, kuma shi kaɗai ne ruwan Malam. Da na fara karanto abin da gwamna ya ce, sai ya ɗaga allura: "Ɗanboko, bar shi ya huta. Juya baya."

Ran nan na juya baya, ba jadawali. Na juya ciki, na karkaɗe jaridar kamar tabarma, babu.

Isiyaku ya sosa ƙeya. "Ai an cire shi, Baba. Yanzu takarda ce daban, ta mako guda. Da ɗan abin da za a ɗora a kai."

"Da me?"

"Ɗan ƙari ne kawai, Baba."

Malam ya soke allurarsa a hula, alamar magana za ta yi tsawo. "Isiyaku, ladanin unguwar nan tun ba a haife ka ba yake gaya mana lokaci. Ka taɓa ganin ya bi gida-gida karɓar kuɗin kira?"

"Baba, ni ɗan aike ne."

"To koma ka tambayi wanda ya aiko ka. Mutum ya gayyace ka biki, ka ce yaushe ne, ya ce sai ka biya? Wallahi tallahi kuɗina ba zai sayi takardar nan ba, kuma ban yarda wani ya saya mini da nasa ba!"

Da ya rantse, sai na ce a raina shi ke nan, akwati ya mutu a cikin rigarsa. Ashe ban gama sanin Malam ba. Washegari da safe na hango shi tsaye a gaban kaskon Tabawa mai ƙosai, wadda ke sayen tsofaffin jaridu dami-dami don ƙunshi. Yana ta bincike a cikin damin kamar mai zaɓen yadi.

"A wancan za ki ƙunshe mini, mai layi-layin nan."

Na ce, "Malam, wannan ai na makon da ya wuce ne."

"Su mutanen nan sun taɓa canja wani abu? Labaran ma na jiya suke ɗumamawa."

"Amma ƙosan da za ka riƙa saya ya fi takardar tsada."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ƙosai dai na ci. Kai a takardarka me za ka ci?"

Haka aka koma. Galibi kuwa dabarar tana ci, sai dai wani lokaci a yi ɓatan kai. Akwai ranar da takardar ƙosai ta ce dambe za a nuna. Zaure ya cika har waje, aka tuɓe wa akwati riga, sai ga wani mai tabarau yana bayanin yadda ake zuba wa masara taki. Mutane suka fara neman takalmansu. Malam ya tare ƙofa da ƙafa.

"Ba inda za ku. Na riga na kunna, hoto na zuba. Wa zai kalle shi, bango?"

Muka zauna har mai tabarau ya gama. Ni da ko tukunyar fulawa ba ni da ita, yau in ka tashe ni daga barci zan gaya maka tazarar da ake bari tsakanin shuka da taki.

To, ana nan sai ga mutanen gidan talabijin sun shigo birni suna ɗaukar masu sana'ar hannu. Aka nuna musu zauren Malam. Suka wuni suna haska shi yana yi wa wata farar riga aska takwas. Da za su tafi ya tambayi ranar da za a nuna.

"Nan ba da daɗewa ba, Baba. Ku dai riƙa duba jarida."

Jama'a, a nan aka shiga uku. Shiri ne na sau ɗaya, ba ya cikin tsohuwar takarda, kuma kafin sabuwa ta iso kaskon Tabawa an nuna an wuce. Ni kuwa na san Malam. Tun yana yaro yake sunkuye a kan rigunan mutane. Sarakai sun sa, 'yan kasuwa sun sa, an yaba rigar, ba a taɓa tambayar hannun ba. Sai na ga yana zura zare a allura yana kuskurewa, abin da ban taɓa gani ba.

Na ce, "Malam, ai akwai kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, ka sayi takardarka."

"In ciyar da mutum goma don in samu izinin biyan kuɗin da na ƙi biya? A aji nawa aka koya maka wannan lissafin?"

Sai na yi dabara irin ta 'yan boko. Na tare Isiyaku a bayan ganuwa na sayi sabuwar takardar, na shige kicin ɗin iyalina a gurguje, na cukuikuye ta, na tsiyaya mata mai, na zuba ƙosai a ciki, na nufi zaure ina murmushi.

"Malam, dubi abin da Tabawa ta ƙunso mini yau. Ikon Allah!"

Ya karɓa. Ya cinye ƙosan tas, bai yi mini tayi ba. Sannan ya ɗaga takardar ta saitin ƙofa, ya sunsuna.

"Ɗanboko, yaushe Tabawa ta fara suya da manja?"

Na leƙa. Innalillahi! Garin sauri kwalbar manja na ɗauka. Takarda ta yi ja wur, rubutu ya narke, ba rana ba lokaci. Ga shi ko karantawa ban tsaya na yi ba kafin in shafa.

"Ka ga ikon Allah na gaskiya," in ji Malam. "Ya tsare mini rantsuwata, Ya kuma ciyar da ni. Kai kuma ka sayi lokaci da kuɗinka ka soya shi."

Abin da ya yi bayan nan shi ne har gobe nake jinjina masa. Ya tashi ya tuɓe wa akwati riga, ya ninke, ya sa a ƙarƙashin buzunsa. Kullum daga buɗe tasha bayan la'asar sai ya kunna ya bari. Talla ta zo, hannunsa ya ɗaga da kansa, ya kama shi da ɗayan ya mayar cinya. Aka sayar masa da sabulu, aka sayar masa da maganin sauro, yana zaune yana salati. A makon nan ne muka fara sanin masu satar akuya.

Ni kuwa kunya ta hana ni sukuni. Isiyaku ya ce nasa sun ƙare, sai na ce bari in je Kongo da kaina in nemo wata, in karanta in riƙe a kaina. Na yi yawo har ƙafata ta yi bororo, na samu, na tsaya a bakin titi na bi layi da yatsa. Yau ne. Yanzu ne.

Kafin in iso Ƙofar Kibo mutane na fitowa daga zaure suna ta barka. An nuna hannun Malam ya cika gilashi, allura na shiga tana fita. Aka ce ya matso har hancinsa na taɓa akwatin, sannan ya share ido da bakin hula ya ce, "Tsohon dai ba shi da kyan gani. Amma ɗinkin ba laifi."

Ba a yi wata guda ba akwatin ya yi wata 'yar ƙara ya mutu, makanikai suka yi iya yinsu suka haƙura. Ban taɓa ganin mai hasara yana farin ciki irin na Malam ba. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce, "Ban gaya muku ba? Hoton ne ya ƙare!" Ya mayar masa da rigarsa, bai sake sayen wani ba har ya bar duniya.

Ranar da ya rasu ba na gari. Na je ɗaurin aure ƙauye, na bar shi lafiya lau yana ɗinki, na dawo na tarar har an kai shi. Na shiga zauren, ga akwati a cikin rigarsa, ga buzu, ga allura soke a hular da ya bari. Allah Ya jiƙan Malam Jumare, Ya haskaka kabarinsa, Ya karɓi hannun nan da bai taɓa cin haram ba, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Matarsa, Hajiya Asabe, ta zo bayan labule muka gaisa. Na ce, "Hajiya, wallahi da na san ranar ce, da ko ƙofar gida ban fita ba."

Ta ce, "Wannan jadawalin ba a sayar da shi, Malam Lawal. Da ma ana sayarwa, ai da ka shafa masa manja."