Kwano a Kan Hula

Ban taɓa mantawa da ranar da na sayar wa Malam Modu hular kwano ba, kuma ba na jin zan manta. Alhamis ce, a makon ƙarshe na babban hutu, ina shirin shiga aji biyar na sakandare. Ƙannena Safiya da Maryam, tunda ku ne za ku riƙa zama a shagon kayan babur na Baba wannan hutun, na ga gara in rubuta muku. Kun san ni, idan da baki na fara ba zan kai ƙarshe ba.

A lokacin ba a hana babur shiga cikin gari ba tukuna, amma an riga an cika hanya da shingayen binciken jami'an tsaro. Tsakanin Yola Gari da Jimeta mai babur yakan tsaya wuri uku, wata rana huɗu. Ƙa'idar ita ce tun daga inda aka jera ganguna zai kashe mashin, ya sauka, ya cire hular kwano don a ga fuskarsa, ya tura da hannu har ya wuce buhunan yashi. Sai can gaba zai sake hawa. Ɗaya daga cikin shingayen ana hango shi daga ƙofar shagonmu, kuma da yake ba ni da abokin hira, kallonsu nake yi wuni guda. Wani ya rataye kwanon a madubin mashin, wani ya saƙala a gwiwar hannu kamar mai zuwa cefane. Akwai wani ɗan acaba da kullum fasinja yake miƙa wa ya riƙe masa. Abu ɗaya ne kusan kowa ya haɗu a kai: idan sun wuce, sai su kifa kwanon a ka su buga mashin, maɗaurin yana lilo a gefen kunne. Sukan ce me za a ɗaure, ga wani shingen can gaba. Wasu ma reza suke sawa su yanke shi.

Yawancinsu ba don kansu suke sayen hular ba, don jami'an hanya ne, masu tare wanda bai sa ba. Shi ya sa kowa mai araha yake nema, har da masu zuwa tambayar hular magina. Baba ba ya sayar da wannan. Mai rufe fuska gaba ɗaya kuwa ta yi ƙura a saman kanta, ba wanda yake so ya doshi shinge fuskarsa a rufe. Wadda ta fi tafiya ita ce buɗaɗɗiya mai ɗan sauƙin kuɗi.

Tun ranar da na fara zama Baba ya nuna mini yadda ake yi. A danna farin soson ciki da babban yatsa, idan ya lotsa bai dawo ba a ajiye ta gefe. A ja maɗauri da ƙarfi a ga ko ɗinkin zai saki. Sannan mai saye ya cire hularsa ya sa kwanon, mu cire baƙar robar da kamfani ya naɗe maɗaurin da ita, mu daidaita masa tsawon, ya ɗaure, ya girgiza kai. Idan kwanon ya yi motsi daban da kan, ba nasa ba ne. Baba ya ce mai araha da ta kama kai ta fi mai tsada da take rawa. Na haddace duka. Samari da 'yan acaba ba su taɓa ba ni wahala ba, don yawancinsu kansu ba hula suke zuwa.

Malam Modu mutumin Borno ne. Ya taso da iyalinsa lokacin da abubuwa suka lalace a can, ya kama haya a Bako, yana sayar da huluna a kasuwar Jimeta. Sa'an Baba ne, ko ma ya ɗan girme shi. Yakan tsaya wajenmu sayen baƙin mai ko fulogi, kuma Manaja yake kirana, wai don na fi kowane manaja tsadar magana. Kullum hularsa a wanke take a goge, kuma duk lokacin da ya sauka daga mashin sai ya sa yatsu biyu ya gyara mata zama kafin ya yi sallama.

Ran nan Baba ya tafi tasha karɓo kaya bayan azahar, ya bar ni ni kaɗai. Malam Modu ya shigo yana share gumi.

“Manaja, Baba ya fita? To yau kai ne oga.” Haka yake magana, mace da namiji duk kai ne a wajensa.

Ya ce sau biyu aka tare shi a makon nan, ya gaji da ba da haƙuri, in ba shi kwano amma kada in ɗauko na masu kuɗi. Na zaɓo buɗaɗɗiya baƙa, matsakaiciya, na danna soson, na ja maɗaurin, duk lafiya. Da ido na san ita ce daidai kansa. Ya karɓa ya ɗora a kan hularsa. Ta tsaya a sama ba ta shiga ba. Ya kalli madubin shago ya yi dariya, ya ce ya zama kamar mai tallan nono, in kawo babba.

Na ɗauko mafi girma da muke da ita. Ta haɗiye hular gaba ɗaya ta sauko har girarsa. Ina tsaye ta gefensa, na ga fili tsakanin kwanon da gefen kansa wanda yatsuna biyu za su shiga. Da ya juya zai kalli madubi, kansa ya riga juyawa sannan kwanon ya biyo baya.

Maganar tana bakina: Malam, sai an cire hula. Kalmomi biyar ne kawai. Amma tunda nake ban taɓa ganin tsakiyar kan Malam Modu ba, ko na wani dattijo da ba Baba ba, kuma ban san ta yadda yarinya take buɗe baki ta ce wa sa'an ubanta ya tuɓe hula a gabanta ba. Na sunkuyar da kai na ce Baba yana cewa ba a kan hula ake gwadawa ba. Ni kaina da ƙyar na ji muryata. Amma ya ji.

“A shinge ana cire wannan, ko ba haka ba?” Na ɗaga kai alamar haka ne. “To in cire, in tura mashin kaina ba hula, gaban yara sa'o'in ɗana? Manaja, na baro gida, na baro shago. Hula kam ban baro ba.”

Yana murmushi ya faɗa. Saura maɗauri. Yana nan a naɗe cikin baƙar robarsa, a maƙale ta cikin kwanon kusa da kunnen hagu. Aikina ne in cire in daidaita. Amma kwanon yana kansa, kuma gyarawa yana nufin hannuna ya je kusa da gemunsa, ko in ce ya cire ya ba ni bayan ya riga ya ce ta yi. Na ce a raina zai cire da kansa idan ya je gida. Ya biya, ya ce in gaida Baba.

Na bi shi da kallo daga ƙofa. A shinge ya sauka, ya rataye kwanon a madubi, ya sa yatsu biyu ya gyara hularsa, ya tura mashin ya wuce kansa a ɗage. Can gaba ya kifa kwanon a kai ya tafi.

Da Baba ya dawo na gaya masa Malam Modu ya sayi ɗaya. Ya tambaye ni ko an gwada. Na ce an gwada. Bai tambayi wane girma ba, ni kuma ban faɗa ba.

Muka koma makaranta. Ranar Asabar ta makon da ya biyo baya na je taya Baba, da hantsi sai ga Bukar, ƙanin Malam Modu, da baƙar leda a hannu. Tun daga sallamarsa Baba ya ajiye abin da yake yi. Bukar ya ce ranar Litinin da yamma, bayan an ɗauke ruwan sama, yayansa yana kan hanyar gida, kowa yana sauri kafin lokacin hana fita. Ya wuce shingen ƙarshe ya hau ke nan, ko gudu bai fara ba, wani mai keke ya tsaya a gabansa ba zato. Ya taka birki a kan yashin da ruwa ya kwaso kan kwalta, mashin ya zame. Waɗanda suka gani sun ce kwanon ya riga shi isa ƙasa, ya gangara har tsallaken titi. Kansa ya bugi gefen kwalbati. Kwana uku ya yi a asibiti bai yi magana ba, ranar Alhamis ya cika.

Baba ya yi salati, ya yi masa addu'a mai tsawo, ya ce wallahi bai ji ba. Bukar ya ce ba ƙara ya kawo ba. Matar marigayin ce ba ta iya ganin kwanon a gida, kuma sabo ne, ƙarzane ɗaya kawai ya yi, gara a ba wani ya amfana. Ya ajiye a kan kanta.

Ban kalli ƙarzanen ba. Ciki na leƙa. Robar tana nan yadda na bar ta.

Baba ma ya gani. Na ga ya juya kwanon, ya duba lambar girman, ya taɓa robar da yatsa. Ya raka Bukar har bakin titi, ya ce zai zo gaisuwa bayan la'asar. Da ya dawo ni ce na fara magana. Na faɗa masa duka, har da filin yatsu biyu, har da maganar hula. Wannan ne karo na farko da na yi wa Baba doguwar magana ban tsaya ba.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “Rashida, kwanansa ne ya ƙare, wannan ba a hannunki yake ba. Amma robar nan a hannunmu take.” Ya ce hannunmu, bai ce hannuna ba. Ya ce shi ne ya koya mini ƙa'ida bai tsaya ya yi tunanin bakin wa zai faɗe ta ba.

A makon ya mayar da madubi can kusurwa bayan kanta, ya sa labule, don dattijo ya tuɓe hula ba a idon kowa ba. Ya kuma sa a riƙa cire robar tun ana buɗe kwali. Ni kuma, bayan kwanaki ina juya abin a raina, na tuna da 'yar farar hular saƙa mai laushi, irin wadda take lafewa a kai. Ita tana shiga ƙarƙashin kwano ba ta hana shi kamawa, mutum ya cire kwano a shinge kansa a rufe, babbar hularsa kuma tana cikin jaka sai ya isa. Baba ya sayo dozin ya rataye kusa da madubi. Abin da ya fi damuna shi ne irinsu suna jibge a teburin Malam Modu a kasuwa. Da na tuna ran nan, ba sai ya saya ba ma.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi sauƙi. Dattijo na farko da ya nemi babba don ya ɗora a kan hula wani modibbo ne, malamin addini, daga wajen Mbamoi, gemunsa fari tas. Baba yana nan, amma ya yi kamar yana jera kaya, ya bar ni. Na ce, “Modibbo, a yi haƙuri, sai an cire hula. Ga labule can.” Ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya juya ya tambayi Baba ko 'yarsa ce wannan, kuma haka ake koya wa yara yanzu. Baba ya ce 'yarsa ce, kuma abin da ta faɗa shi ne ƙa'idar shagon. Modibbo ya ajiye kwanon ya shiga shago na gaba. Na gan shi ya fito da babba a kan hularsa. Na shiga bayan labulen na yi kuka. Bayan kwana biyu wani dattijon ya zo, na faɗa masa, ya yi gunaguni ya shiga labule, ya fito da daidai kansa.

Yanzu da aka hana babur a cikin gari, masu sayenmu mutanen ƙauye ne da manoma, kuma dattawa sun fi yawa a cikinsu. Za ku ji nauyinsu, dole ne, haka aka rene mu. Abin da na gane shi ne ba taurin kai ne yake sa su riƙe hular ba. Wani ita kaɗai ta rage masa. Don haka kada ku yi musu dariya, kada kuma ku yi shiru. Ku miƙa farar hular tukuna, ku nuna labule, sannan ku faɗa. Wanda zai tafi ya tafi, amma ya tafi ya ji.

Baƙin kwanon da ke rataye a ƙusa a saman kanta ba na sayarwa ba ne, ko da wani ya nace. Ku riƙa share masa ƙura ranar Asabar. Robar da ke ciki kuwa ku bar ta yadda take.