Abin da Alhaji Isufu Ya Rubuta a Agusta

Shekara bakwai ke nan cif, a wannan wata na Nuwamba, da muka kai Alhaji Isufu makwancinsa a nan Greensboro ta Amurka. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, duk shekara kuma sai in sami dalilin ɗagewa. Wanda ya san ni ba zai yi mamaki ba. Shi ma marigayin, kamar yadda za ku gani, bai yi ba.

Alhaji Isufu mutumin Damagaram ne, ni kuwa Bakano. A harabar masallaci muka haɗu wata Juma'a, ya tambaye ni aikina, na ce ina koyar da lissafi a makarantar sakandare. Ya ce, "Bon, ashe kai ne za ka fahimtar da ni wannan wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, alhali da hannu suke ɗauka." A lokacin yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito da ke hanyar Wendover, abokan aikinsa kuma ba su da hira ranar Litinin sai ta wasannin Lahadi, ya gaji da zama a cikinsu kamar kurma. Na yi masa bayani a takarda, da zane da kibiyoyi, yadda nake yi wa ɗalibaina. Ya saurara cikin ladabi. Bayan mako uku ya kira ni ya ce ya gane: kokowa ce, an dai jefa ƙwallo a tsakani ne don kada hukuma ta ce faɗa ake yi.

Daga nan aka soma. Ga wanda bai saba ba, ƙungiyoyin ƙwararru na ƙwallon Amurka talatin da biyu ne, an kasa su rukuni takwas. Ana fara kakar wasa a Satumba, a rufe da babban wasan ƙarshe a Fabrairu. To kowane Agusta, kafin a buga wasan farko, sai mu zauna a falonsa da ke bayan Gate City Boulevard, bayan la'asar, kowa da takardarsa. Ka rubuta ƙungiyar da za ta zo ta ɗaya a kowane rukuni, takwas ke nan, ka ƙara biyun da za su kai wasan ƙarshe, goma. Sai a ninke a saka a wani tsohon gwangwanin madara. Matarsa, Hajiya Zainabu, ta naɗe murfin da salatef, ta ɗora a saman kabad ɗin kicin, bayan robar kuka da ta daddawa. Ba mai taɓawa sai Fabrairu.

Ba caca ba ce, ba a taɓa saka komai ba. Hukuncin wanda ya faɗi shi ne ya dafa wa 'yan majalisarmu ta hira shayi irin na Buzaye, zubi uku, sannan ya miƙe tsaye a gabansu ya ce, "Jama'a ku shaida, bana wane ya fi ni gani." Shayin ba wuya. Jimlar ce ke da nauyi, musamman ga mutumin da ya saba tsayawa gaban allo kowa yana rubuta abin da ya faɗa.

Wani malami ya taɓa yi mana nasiha cewa abin ya yi kama da duba. Alhaji ya ce masa, "Allah gafarta Malam, manomin da ya dubi gabas ya ce yau za a yi ruwa, boka ne? Gaibu na Allah ne. Mu baki kawai muke sakawa, kuma muna dawowa mu amsa laifin bakinmu." A Fabrairun da ya biyo baya har da malamin aka sha shayin, kuma ni na dafa.

Ni hanyata ta masu karatu ce. Tun Yuli nake sayen mujallu, ina karanta abin da masana suka ce, ina jera alƙaluman bara da na bara waccan, har jadawali nake yi mai launi. Shi ko kaɗan. Wasannin gwaji na Agusta yake kallo, waɗanda kowa ya raina, kuma ba ya bin ƙwallon da ido. Ƙattan nan da ke durƙushe a sahun gaba yake dubawa, waɗanda ba wanda ya san sunayensu. Ya dubi kaurin wuya, ya dubi yadda mutum ke dasa ƙafa, ya dubi wanda ke saurin miƙewa bayan an kayar da shi da wanda ke tsayawa neman hularsa. Tun yana yaro yake bin filin kokowa, ya ce idon da ya koya a can bai tsufa ba. Sunayen ƙungiyoyin ma bai dame shi ba, nasa ya raɗa musu, ya rubuta da ajami: 'Yan Ƙanƙara, 'Yan Bakin Ruwa, Masu Baƙar Hula. Tamu ta jiha kuwa 'Yan Gida yake ce mata, kuma duk shekara sai ya rubuta ta, ko da ƙafafunta ba su gamsar da shi ba. Ya ce wannan ba hasashe ba ne, zumunci ne.

Shekara goma sha biyu muka yi a haka. Ya ci bakwai, na ci huɗu, ɗaya muka yi kunnen doki muka dafa tare. Na sha bayyana masa cewa a ilimin lissafi goma sha biyu ba ta isa a yanke hukunci ba. Yakan ce, "Gaskiya ne, Malam Kabiru. Ƙara sukari."

Akwai kuma gyara. A ƙasan goman nan yakan ƙara layi ɗaya wanda bai shafi ƙwallo ba, kamar yadda mai gyaɗa ke ƙara maka ɗan kaɗan bayan ya cika mudu. Wata shekara ya rubuta cewa Hajiya za ta ci jarrabawar tuƙi. Ba ta ci ba. Ya sake rubutawa, ba ta ci ba. A ta uku ta ci, ya zagaya falon yana cewa shi ya faɗa. Wata shekara ya rubuta cewa zan sayi sabuwar hula. Da aka karanta, kowa ya juyo ya dubi kaina, ita ce dai ta bara. Washegari na saya.

Dole kuma in faɗi wani hali nawa, tunda an zo wurin. Duk shekarar da na hango faɗuwa, Fabrairu kan zo mini da ayyuka. Ko takardun jarrabawa sun taru, ko mura, ko motar na wurin makanike. Na taɓa jan buɗe gwangwanin har tsakiyar Maris. Alhaji bai taɓa matsa mini ba. Yakan dai kira ya tambayi lafiyar motar.

A shekarar ƙarshe, tun Oktoba hasashena ya wargaje. Mai jefa ƙwallon ƙungiyar da na ɗora wa rai ya ji rauni, wata da na raina ta riƙa cin wasa kamar da gayya. A Nuwamba ciwon zuciya ya kwantar da Alhaji. Na je duba shi asibiti ranar Lahadi da rana, talabijin na kunne ba sauti. Ya yafito ni da hannu, na sunkuya ina zaton wasiyya ce. Ya ce, "Bakano, ka fara neman ganyen shayi mai kyau. Na bara bai yi ƙamshi ba." Bayan kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. A duk takardun da muka rubuta, nawa da nasa, babu wadda ta hango wannan.

Da Fabrairu ya zo Hajiya ta kira ni ta ce gwangwani yana nan. Na ce, "Hajiya, a bar shi. Ba ya nan balle ya kare kansa." Ta ce to. Shekara ta zagayo ta sake kira, na sake ba ta amsa mai kama da wannan, cikin murya irin ta masu girmama mamaci. Haka muka yi ta yi. Yau da nake auna abin, dalili biyu na gani a ciki, kuma ba zan ɓoye ɗaya in nuna ɗaya ba. Na farko, muddin murfin nan na rufe, a wurina kakar ba ta ƙare ba, akwai sauran magana tsakanina da shi. Na biyu, na san abin da na rubuta.

A cikin shekarun nan abubuwa sun canza. Yanzu waya ce ke yin hasashe, ta ba ka amsa har da kaso cikin ɗari kafin ka gama tambaya. Tallan caca ya cika wasannin, da wuya a yi hutu biyu ba a roƙe ka ka gwada sa'arka ba. Na san da Alhaji zai kashe sautin, ya ce sun mayar da kokowa kasuwa. Amma abin da zai fi ba shi haushi tsoho ne, tun yana raye yake ƙorafi a kai. Masanan nan masu ɗaura laktaya, a Agusta kowa ya buga tebur ya rantse da ƙungiyarsa. Fabrairu ya zo, ƙungiyar tana can ƙasan jadawali, shi kuma yana zaune a kujerarsa yana bayyana mana dalilin da ya sa abin da ya faru dole ne ya faru. Ba mai ɗauko masa maganarsa ta Agusta. Alhaji yakan nuna talabijin da kofin shayi ya ce, "Wannan ba shi da gwangwani." Daga baya kalmar ta wuce ƙwallo. Ɗan siyasa, mai wa'azin da ya sa ranar tashin duniya, surukin da ya yi alkawarin zuwa da Sallah, duk yakan tambaya ko suna da gwangwani.

Ban san abin da zai ce game da 'Yan Gida ba. Ina jin zai rubuta su dai.

Watan jiya Hajiya ta tashi daga tsohon gidan, ta koma wurin 'yarsu Hadiza, wadda ke aikin jinya, a Summerfield. Na je yi musu barka wata Asabar da hantsi. Muna zaune a baranda, dawakan maƙwabci na kiwo a bayan shinge, sai Hajiya ta shiga ciki ta fito da gwangwanin. Salatef ɗin ya yi rawaya, har yanzu kuma akwai ƙamshin daddawa a jikinsa. Ta ajiye a gabana.

Na ce, "Hajiya, ai mun yi magana a kan..."

Ta ce, "Malam Kabiru, shekara bakwai kana ce mini girmama mamaci. Shi mamacin da bakinsa ya ce a buɗe a Fabrairu. Ni na tsufa da hawa kujera ina sauke wannan abu ina gogewa. Ga wuƙa."

Hadiza ta ɗauko wayarta ta nemo sakamakon waccan shekarar, ta ce cikin Hausarta mai ƙamshin Turanci, "Baba Kabiru, ni ce alƙali, kuma ba a ɗaukaka ƙara." Aka fara da tawa, da tsabtataccen rubutuna na malamin makaranta. Uku cikin goma. Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan, da na nemi ganin iyayensa. Hajiya ta sa tabarau ta karanta tasa, ina fassara wa Hadiza su wane ne 'Yan Ƙanƙara da Masu Baƙar Hula. Shida. Da bai rubuta 'Yan Gida ba, wataƙila da bakwai ne.

Sai Hajiya ta kai ƙasan takardar, wurin gyara. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta karanta a hankali: "Malam Kabiru zai faɗi. Zai ce a ɗage buɗewa. Hajiya, kada ki yarda."

Dariya ta fara yi, har ta dafe ciki, sannan ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Ka ji shi. Ga shi kuwa na yarda, har shekara bakwai." Na karɓi takardar ina kallon rubutun, yadda yake jan wutsiyar harafi kamar mai gaggawa, kuma na ji kamar ya kira ne ya tambayi lafiyar motar.

Mutum ya rasu, akan lissafa abin da ya bari. Alhaji bai bar gini ba, bai bar littafi ba. Ya bar 'ya mai tausayin marasa lafiya, da mata mai riƙe amana har ta gwangwanin madara. Ni kuma ya bar mini ɗabi'a ɗaya. A ajina, kafin a fara warware lissafi, kowa sai ya rubuta kintacensa a gefen takarda, in an gama a koma a duba tazarar da ke tsakani. Ɗalibai suna zaton a jami'a na koyo. A falon wani direban motar ɗaga kaya na koya, wanda ya yarda mutum ya yi kuskure ko sau nawa ne, in dai zai dawo ya tsaya a gaban maganarsa.

Ranar na dafa shayin a barandar, a kan ƙaramin risho, zubi uku, da ganye mai ƙamshi. Hajiya ta ce na biyun ya fi. Da na miƙe zan faɗi jimlar, alƙali ta ɗaga hannu ta ce mutum biyu ba majalisa ba ce, doka ta ce gaban jama'a. Tana da gaskiya. 'Yan majalisar kuwa sun watse, wani ya koma gida, wani yana Texas wurin 'ya'yansa, malamin nan mai nasiha shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Ba inda zan tara su sai a wannan shafi.

Don haka ga ni tsaye. Allah ya jiƙan Alhaji Isufu, ya haskaka kabarinsa. Jama'a ku shaida, a waccan shekara Alhaji Isufu ya fi ni gani.